Ruwan daɗin da ke kwarara cikin tekunan ƙanƙara: taki ne ko murfi?

Malamin Kimiyyar Halittu, Tawa

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyyar halittu a wata lise a nan Tawa, kuma a makon jiya, muna cikin darasin yadda halittun teku ke cin junansu, wata ɗaliba ta yi mini tambayar da na amsa da gaggawa, daga baya amsar ta hana ni sakat. Na gaya musu cewa kusan duk abin da ke rayuwa a teku, daga ƙaramin kifi har manyan dabbobin ruwa, ya dogara ne a kan wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya iya ganinsu ɗaya-ɗaya, waɗanda ake kira filankton, dangin gansakukar da ke sa ruwan tabki ya yi kore. Sai ta ce, tunda kullum ana faɗa a rediyo cewa ƙanƙarar ƙuryar arewa da ta ƙuryar kudu ta duniya tana narkewa, ruwan da ke malalowa cikin teku zai ƙara wa waɗannan tsirrai abinci ne ko zai rage musu?

Na ce mata zai ƙara. Hujjata ita ce abin da kowa ya sani a Adar: ruwan da ya gangaro daga kan dutse ya bi ƙorama ya kwanta a kwarin Maggiya shi ne ke kawo laka, kuma a kan wannan laka ake noman albasa da rani. Na ɗauka cewa ruwan kogi ko na narkakkiyar ƙanƙara haka yake yi wa teku. Amma da na koma gida na ci gaba da bincike, sai na tarar ana cewa a wasu wurare ruwan daɗin yana sa teku ya talauce, a wasu wuraren kuma yana sa kifi ya yawaita. Ina roƙon masana da ke cikin wannan zaure su warware mini, domin ina so in koma aji in gyara abin da na faɗa idan kuskure ne.

Mai Nazarin Halittun Ruwa, Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Kwatancen fadama yana da kyau, sai dai akwai abu guda da ya raba gona da teku. A gona, taki da hasken rana suna haɗuwa a wuri ɗaya. A teku kuwa hasken yana sama, takin yana ƙasa. Hasken da ya isa tsiro ya rayu a wurare da yawa ba ya wuce ƴan gomomin mitoci daga fuskar ruwa, ko a ruwa mafi tsarki ma ba ya wuce kimanin mita 200, alhali sinadaran da filankton ke buƙata, wato nitirat, wanda ke ɗauke da azot, sinadarin da manomi ke nema a cikin takin ire, da fosfat, da silika, suna taruwa ne a can ƙasa, saboda duk abin da ya mutu a sama nutsewa yake yi ya ruɓe a zurfi. Ka ɗauki ƙwaryar fura da aka dama aka ajiye: gari ya kwanta a gindi, tsararon ruwa ya taso sama, kuma sai an sa ludayi an juya kafin a sha abin kirki. Ludayin teku shi ne iska da guguwa da sanyin hunturu, waɗanda ke juya ruwa su ɗago na ƙasa zuwa inda haske yake.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, saboda haka ya fi ruwan daɗi nauyi. Idan ruwan daɗi ya shigo ta sama, shimfiɗuwa yake yi a kan na gishiri kamar man gyaɗa a kan miya. A tekunan ƙasashen zafi bambancin zafi da sanyi ne ke raba ruwa hawa-hawa, amma a ruwan da ya kusa daskarewa, kuma ruwan teku sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri yake daskarewa, sanyi ba ya sauya nauyin ruwa sosai, gishiri ne ke da iko. Shi ya sa ruwan daɗi kaɗan yake isa ya zama murfin da iska ba ta iya fasawa da sauƙi. A shekarar 1893, matafiyin nan ɗan Norwe Firijof Nansen ya shiga irin wannan ruwa da jirginsa Fram a gaɓar Siberiya, jirgin ya dinga ja da ƙyar kamar an ɗaure shi, kuma ya lura cewa ruwan saman yana shayuwa, alhali wanda ke shiga ta ƙasan jirgin gishirinsa ya yi yawa ko tukunyar inji ba a iya zuba wa. A 1904 masani Ekman ya nuna cewa ƙarfin jirgin yana tafiya ne wajen tayar da igiyoyi a iyakar da ke tsakanin ruwayen biyu.

Tekun Aktik, wato na ƙuryar arewa, ya fi kowane teku irin wannan murfi. Ruwansa bai wuce kashi 1 cikin 100 na ruwan tekunan duniya ba, amma kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan kogunan duniya a cikinsa yake zuba. Ob da Yenisei suna shiga Tekun Kara, Lena tana shiga Tekun Laftef, Makenzi ta Kanada tana shiga Tekun Bofot, ga kuma ƙanƙarar da ke kan teku, wadda take fitar da mafi yawan gishirinta lokacin daskarewa, don haka idan ta narke ruwa ne mai ɗan zartsi kawai.

Murfin yana da rana a farkon bazara. Bayan watannin duhu, ruwan sama yana cike da nitirat ɗin da hunturu ya juyo, kuma narkewar ƙanƙara tana riƙe tsirran a sama kusa da haske maimakon a dinga jefa su zurfi, shi ya sa ake ganin ruwa ya yi kore shar a gefen ƙanƙara mai ja da baya. Amma cikin ƴan makonni sukan cinye nitirat ɗin, kuma murfin da ya taimake su shi ne ke hana sabon abinci tasowa. A Aktik azot shi ne ke fara ƙarewa, ruwan narkakkiyar ƙanƙara kuwa ba ya ɗauke da shi sai kaɗan. A 2009 masana na Kanada sun ba da rahoton cewa a yankin Bofot, inda ruwan daɗi ya daɗa taruwa, filankton mafi ƙanƙanta suna ƙaruwa, manyan suna raguwa. Wannan ya shafi kifi, domin manyan irin su diyatom su ne ke ƙosar da ƙananan ƙwarin ruwa masu kitse da kifi ke ci, ƙananan kuwa sai sun bi ta bakuna da yawa kafin su isa cikin kifi, kuma a kowane baki ana asarar mafi yawan abincin.

Tsohon Mai Awon Kogi, Yamai

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina da ja a wuri ɗaya, domin ta haɗa ruwan kogi da ruwan ƙanƙara a ƙwarya guda. Na yi shekaru ina auna tsayin Kogin Isa da laka da ke cikinsa, kuma ko a nan Yamai ruwan kogi ba iri ɗaya ba ne. Akwai jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa, mai kauri da jar ƙasa, wanda idan ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Akwai kuma cikar da ke isowa wajen Disamba da Janairu, ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya sauke lakarsa a hanya, ya iso mana a tace. Sarkawa sun san bambancinsu tun kafin a kafa ma'auni. Idan kogi ɗaya yana da fuska biyu, ina ga kogin da ya ratso dazuzzukan Siberiya da kuma ruwan da bai taɓa komai ba sai ƙanƙara?

Kogunan can suna daskarewa da hunturu, sannan a watan Mayu da Yuni su ɓalle gaba ɗaya, babban kaso na ruwan shekara ya wuce cikin ƴan makonni. Yenisei kaɗai tana zuba ruwan da ya ninka na Kogin Isa kusan sau uku. Ruwan yana bi ta kan ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da ta daɗe a daskare, yana fitowa da launin shayi, ɗauke da silika da ragowar tsirrai. Na yarda a bakin kogi duhun ruwan zai hana haske shiga, kamar yadda gansakuka ba ta kama jan ruwa sai ya kwanta. Amma abin da ya kwanta ai bai ɓace ba.

Ina kuma tuna wa zaure abin da ya faru a Masar. Kafin a datse Nilu a Aswan a 1964, cikar kogin ta kowace shekara ita ce ke ciyar da filankton a gaɓar Bahar Rum, kuma da aka tare ta, kamun sardin ya faɗi warwas cikin ƴan shekaru. Saboda haka Malamin Tawa bai yi nisa da gaskiya ba, ƴata, kada mu sa ya je ya ƙaryata kansa a gaban yara gaba ɗaya.

Mai Nazarin Halittun Ruwa, Yamai

Baba, na karɓi gyara. Gaɓar Siberiya ba ta da zurfi, kuma ragowar tsirran da koguna ke kawowa, haɗe da ƙasar gaɓa da ke zaftarewa idan daskararriyar ƙasa ta saki, ƙwayoyin bakteriya suna ruɓar da su su mayar da azot ɗinsu abin da filankton zai iya ci, a yi ta juya shi sau da yawa. Wani lissafi da aka wallafa a 2021 ya kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na tsirowar filankton a Tekun Aktik daga wannan abinci na koguna da zaizayar gaɓa yake. Lissafin kwamfuta ne, amma ya nuna cewa kogi yana kawo murfi da taki a tafiya ɗaya. Bambancinsa da Nilu shi ne a Aktik ruwan daɗin ba ya watsewa da wuri, yana daɗewa a sama har nesa da inda takinsa ya ƙare.

Inda na fi so Malam ya duba shi ne Girinlan, domin a can ne aka ga abin ƙuru-ƙuru. Tun daga 2002 taurarin ɗan'adam suna nuna cewa tsibirin yana asarar ƙanƙara kimanin tan biliyan 270 a shekara, kuma ruwan yana isa teku ta hanyoyi biyu, cikin wasu dogayen mashigai masu zurfi tsakanin duwatsu. Akwai kogunan ƙanƙara, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tsakiyar tsibirin, da ke ƙarewa a kan tudu. Ruwansu yana bin rafi, ɗauke da garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa, ya shiga mashigin ta sama, fari-fari kamar an dama alli. Wannan ya haɗa illa biyu, ya rufe haske, ya kuma yi murfi. Akwai kuma waɗanda ƙafarsu ke cikin teku, wani lokaci ɗaruruwan mitoci a ƙarƙashin ruwa. Ruwan da ya narke a saman ƙanƙara da rani yana bin ramuka ya sauka har gindi, ya fito ta ƙasa, cikin ruwan gishiri. Da yake ya fi shi sauƙin nauyi, sai ya taso da ƙarfi yana bin bangon ƙanƙara, kuma a hanyarsa yana jawo ruwan zurfi mai nitirat wanda ya ninka shi sau goma ko fiye. Ruwan daɗin da kansa bai kawo azot ba, amma ya zama ludayin.

An auna wannan a mashigin da ke kusa da Nuk, babban birnin Girinlan, aka kwatanta da wani mashigi a arewa maso gabas wanda ruwansa daga kan tudu yake zuwa. A na farkon filankton yana ci gaba da tsirowa har tsakiyar rani, lokacin da a wani wuri abinci ya riga ya ƙare, kuma binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kamun halibat, wani faffaɗan kifi da ke cikin manyan abubuwan da mutanen Girinlan ke sayarwa waje, ya fi yawa a mashigan da ƙanƙararsu ke taɓa teku. Garin Ilulisat, da ke bakin ɗaya daga cikin kogunan ƙanƙara mafi sauri a duniya, garin masunta ne. A tsibiran Sibalbad na Norwe ma tsuntsayen teku suna yin dandazo a gaban bangon ƙanƙara, saboda ruwan da ke tasowa yana ɗago ƙananan ƙwarin ruwa, ruwan daɗin kuma ya sumar da su.

Zurfin ƙafar ƙanƙarar ma yana da muhimmanci. Idan ta yi zurfi ƙwarai, ruwan mai tasowa yakan gauraya ya yi nauyi ya tsaya kafin ya kai ga haske; idan ba ta da zurfi, ba ya kaiwa ga ruwan mai nitirat. A nan ne gizo ke saƙar, domin kogunan ƙanƙara da yawa suna ja da baya, kuma wanda ya ja har ya hau tudu ya tashi daga rukuni na biyu ya koma na farko, ko da ruwan da yake zubarwa ya ƙaru.

Ɗalibin Labarin Ƙasa, Yamai

Ina gaida iyayena da malamaina. Duk abin da aka faɗa ya shafi arewa ne, ɗalibar kuma ta tambayi har da kudu, inda lissafin ya sha bamban. A Antaktika babu manyan koguna, kuma tekun da ke kewaye da ita cike yake da nitirat da fosfat da ba a cinyewa ko da rani. Abin da ya yi ƙaranci shi ne sinadarin ƙarfe, wanda tsiro ke buƙata ɗan mitsitsi amma ba ya rayuwa sai da shi. Mu nan mun fi kowa sanin hanyar da ƙarfe ke isa teku, domin ƙurar hunturu da ke rufe mana gari, wadda da yawanta daga kwarin Bodele na Cadi take tasowa, ita ce ke zuba shi a Tekun Atlantika. Tekun kudu ya yi nisa da hamada, ƙasar da ke kusa da shi kuma tana ƙarƙashin ƙanƙara, don haka ƙura kaɗan ce ke isarsa. Masanin Amurka Jon Matin ne ya tsaya kai da fata a kan wannan ra'ayi a ƙarshen shekarun 1980, kuma a 1999 aka zuba ƙarfe da gangan a wani yanki na tekun kudu, ruwan ya yi koren da aka gani daga tauraron ɗan'adam.

Saboda haka a can ruwan ƙanƙara yana iya zama taki na gaske. A Tekun Amundsen, inda ruwa mai ɗan ɗumi ke shiga ƙarƙashin ƙanƙara yana narkar da ita ta ƙasa, ruwan da ke fitowa yana tasowa da ƙarfe, wani daga ƙanƙarar, wani daga lakar gindin teku da ruwan zurfi, kuma filin ruwan da ke buɗewa a wurin da rani yana cikin wuraren da filankton ya fi yawa a duk gaɓar Antaktika. Tsaunukan ƙanƙara masu yawo ma sukan bar koren sawu a bayansu.

Amma a zirin Antaktika da ke fuskantar Kudancin Amurka an ga ɗaya fuskar. Inda ruwan narkewa ya yi yawa a sama, diyatom sukan ba da wuri ga wasu ƙananan nau'o'i, kiril kuwa, wato ƙananan jatan landen da tsuntsayen fenguwin da manyan dabbobin teku ke ci, ba su iya tace ƙananan da kyau. A wani ƙaramin mashigi a tsibirin Kin Joj, inda Ajantina ke da tashar bincike, an sha ganin matattun kiril a gaɓa cikinsu cike da garin dutse.

Malamin Kimiyyar Halittu, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Abin da zan koma in gaya wa ɗalibata shi ne ta fara tambayar ta ina ruwan ya shiga, ta sama ko ta ƙasa, me ya ɗauko a hanya, kuma me tekun ya rasa. Saura abu ɗaya, Malama. Na ga an ce tsirowar filankton a Aktik ta ƙaru da kashi 57 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018, to yaya wannan zai zauna da maganar murfi? Sannan ina tunanin nuna wa yara abin a aji da kofi biyu, ɗaya ruwan gishiri ɗaya ruwan famfo, in zuba musu zoɓo a kai.

Mai Nazarin Halittun Ruwa, Yamai

Adadin daidai ne, Malam, daga hotunan taurarin ɗan'adam aka samo shi, aka wallafa a 2020. Da farko ƙarin ya zo ne daga raguwar ƙanƙarar kan teku, wadda ta buɗe fili ta kuma tsawaita lokacin haske. Daga baya yawan tsirran ne ya ƙaru, kuma mafi yawan ƙarin a ƙofofin tekun yake, wato Tekun Barents da Tekun Cukci, inda ruwan Atlantika da na Fasifik ke shigowa da nasu nitirat. Tsakiyar yankin Bofot, inda murfin ya fi kauri, bai samu irin wannan rabo ba.

Game da gwajin, kada ka zuba zoɓon kai tsaye, domin ƙarfin zubawar zai gauraya ruwan. Ka dafa shi ba sukari, tunda sukari yana ƙara nauyi, ka daskarar da shi a firigo, ka sa ƙanƙara ɗaya a kowane kofi mai haske, ka hana yara taɓa teburin. A kofin ruwan famfo jan launin zai gangara ƙasa ya bazu, ƙanƙarar ta narke da sauri. A kofin gishiri zai tsaya a sama, ƙanƙarar kuma ta daɗe, domin tana zaune cikin nata ruwan sanyi. Idan kana da sirinji, ka cika shi da zoɓon ka saki a hankali a gindin kofin gishiri, bayan ka barbaɗa ɗan garin shayi da ya jiƙa ya kwanta a ƙasa, su ga abin da zai biyo ruwan zuwa sama.